Rudolf Diesel: Mutumin da ya ƙirƙiro injin dizal, ya ɓace a teku da bashi a wuyansa

Duk ranar Alhamis manyan motoci kan yi jerin gwano a bakin kasuwar Maigatari da ke kan iyakar Najeriya da Nijar, wasu na jiran lodin shanu zuwa Kudu, wasu riɗi da zoɓo. Kusan dukkansu mai iri ɗaya suke sha, wanda direbobi ke kira gas, wasu kuma su ce dizal.

Da yawa daga cikin masu tuƙa motocin da masu gyara su ba su san cewa dizal sunan mutum ba ne. Rudolf Diesel injiniya ne Bajamushe wanda ya shafe shekara huɗu yana fama da injin da ya ƙi tashi. Da injin ya tashi ya zama attajiri, daga baya dukiyar ta zube, sannan ya ɓace daga cikin jirgin ruwa a wani dare na 1913 yana da shekara 55.

Ya mutu bai ga babbar mota ko ɗaya tana aiki da injinsa a kan titi ba. Amma matsalolin da ya yi ta fama da su a ɗakin gwaji, su ne dai makanikai ke fama da su yau a garejojin Gumel da Kano.

Gudun hijira yana ɗan shekara 12

An haifi Rudolf Christian Karl Diesel a birnin Paris ranar 18 ga Maris, 1858. Iyayensa Jamusawa ne 'yan ci-rani daga yankin Bavaria. Mahaifinsa Theodor baduku ne, yana ɗinka jakunkuna da sauran kayan fata, kuma gidan ba mai wadata ba ne. Tun yana ƙarami Rudolf yake taya shi aiki, yana kai wa masu saye kaya.

A 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa, aka kori Jamusawa mazauna Paris. Iyalin suka tsallaka Landan hannu rabbana. Da zaman ya yi tsanani, sai aka tura Rudolf shi kaɗai zuwa Augsburg, garin mahaifinsa, wurin wani dangi mai suna Christoph Barnickel, malamin lissafi, wanda ya riƙe shi ya sa shi makaranta.

Yana ɗan shekara 14 ya rubuta wa iyayensa cewa shi injiniya yake so ya zama. Su kuwa so suke ya kama sana'a da wuri ya taimaki gida. A 1875 ya samu tallafin karatu a babbar kwalejin fasaha ta Munich. Zazzaɓin taifot ya hana shi zana jarrabawar ƙarshe tare da 'yan ajinsu a 1879, sai ya yi amfani da lokacin jiran ya koyi aikin hannu a masana'antar Sulzer da ke Winterthur a ƙasar Suwizalan. A Janairun 1880 ya kammala da sakamako mafi daraja.

Asarar da ta tsaya masa a rai

Cikin malamansa a Munich akwai Carl von Linde, wanda ya yi suna wajen ƙera injin ƙanƙara. A wani darasi Linde ya bayyana wa ɗalibai cewa injin tururi, wanda a lokacin shi ke jan jiragen ƙasa da masana'antun duniya, bai fi kashi 6 zuwa 10 cikin 100 na zafin kwal ɗin da ya ci yake mayarwa aiki ba. Sauran duk hayaƙi da iska ke kwashewa.

Kamar a ce mutum ya sayi buhu goma na gero, tara su zube a hanya kafin ya isa gida. Wannan asara ta tsaya wa Diesel a rai har ƙarshen rayuwarsa.

Bayan karatu ya koma Paris ya yi aiki a masana'antar ƙanƙara ta Linde, cikin shekara guda ya zama shugabanta. A 1883 ya auri Martha Flasche, suka haifi 'ya'ya uku. Da rana yana aikin kamfani, da dare yana zane da lissafi. Ya ɓata shekaru yana gwada injin da zai yi aiki da tururin amoniya, abin bai yiwu ba. A 1890 ya koma Berlin, kuma a can tunanin da ya sa aka san shi ya nuna.

Injin da ba shi da filogi

Duk wanda ya taɓa ba tayar keke iska ya san bakin famfon yana ɗaukar zafi. Iska idan aka matse ta takan yi zafi, kuma gwargwadon matsi gwargwadon zafi. A kan wannan Diesel ya gina injinsa.

A injin fetur, ana haɗa mai da iska, a tura su cikin silinda, filogi ya ba da tartsatsi su kama. A injin Diesel kuwa iska zalla ake zuƙa. Fistin ya matse ta har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 15 zuwa 20 na girmanta, zafinta ya wuce digiri 500. A daidai wannan lokaci sai a feso mai, ya kama da kansa ba tare da an kunna masa wuta ba. Saboda matsin ya fi yawa, ƙarfin da ake samu daga kowace lita ya fi yawa.

Gwamnatin Jamus ta ba shi takardar haƙƙin mallaka mai lamba 67207 ranar 23 ga Fabrairu, 1893, kuma a shekarar ya fitar da ɗan littafi yana bayyana tunaninsa. Masana da dama sun ce abin ba zai yiwu ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Lissafinsa na farko ya nemi matsin da ƙarfen zamanin ba zai iya ɗauka ba, sannan yadda ya tsara ƙonewar man ba zai ba injin ƙarfin juya kansa ba. Dole ya sauko da matsin ƙasa sosai, ya sake tsarin.

Duk da haka Heinrich von Buz, shugaban masana'antar ƙera injuna ta Augsburg, ya yarda ya ba shi wuri da ma'aikata. Kamfanin ƙarfe na Krupp ya sa kuɗi.

Shekara huɗu ana kwancewa ana ɗaurawa

Injin farko silinda ɗaya gare shi, tsaye, tsawonsa ya kai kusan mita uku. Ranar 10 ga Agusta, 1893 aka juya shi da bel daga wani injin, aka fesa masa mai. Man ya kama da ƙarfin da ya tarwatsa na'urar auna matsi da ke maƙale a kansa, gutsattsarinta suka wuce ta gefen mutanen da ke wurin. An tabbatar iska mai zafi na iya kunna mai, amma injin bai juya kansa ba.

Daga nan aikin ya koma kanikanci tsantsa. Iska na zurarewa ta gefen fistin da bakin bawul, don haka matsi ba ya kaiwa. Idan an toshe wannan, mai ya ƙi shiga yadda ake so, domin tura ruwa cikin silindar da ke cike da matsattsiyar iska ba ƙaramin aiki ba ne. Wani lokaci man ya shiga da wuri injin ya yi ta bugu, wani lokaci ya makara ya fita ta salansa bai ƙone ba. Baƙin toka ya riƙa toshe bakin mafesar.

 Diesel yakan auna, ya rubuta, ya yi gyara, ya sake aunawa. Takardun gwaje-gwajen nan ne daga baya ya tattara ya rubuta tarihin injin da su.

Ranar 17 ga Fabrairu, 1894 injin ya juya da ƙarfin kansa na minti ɗaya. Makaniken da ke aiki tare da shi, Hans Linder, shi ya fara lura cewa bel ɗin da ke jan injin ya saki, yanzu injin ne ke jan bel. Bai ce komai ba, hularsa kawai ya ɗaga.

Minti ɗaya ba ya sayuwa a kasuwa. Sai da aka ƙara shekara uku. Matsalar fesa mai aka warware ta da wata dabara: a haɗa wa injin famfon iska na daban, wanda zai hura man ciki da iskar da ta fi ta silinda ƙarfi. Wani matashin injiniya, Imanuel Lauster, ya zana sabon inji a 1896.

Ranar 17 ga Fabrairu, 1897 Farfesa Moritz Schröter na Munich ya gwada shi a hukumance. Injin ya ba da ƙarfin doki kusan 18 yana shan kananzir, kuma ya mayar da kashi 26.2 cikin 100 na zafin man zuwa aiki. Ya ninka injin tururi fiye da sau biyu. Wannan inji yana nan a gidan tarihi na Deutsches Museum da ke Munich.

An kai shi kasuwa tun bai nuna ba

Labari ya bazu, masu kuɗi suka yi ca. Adolphus Busch, attajirin birnin St. Louis, ya biya mak miliyan ɗaya, kuɗin Jamus na lokacin, don samun izinin ƙera injin a Amurka da Kanada. Kamfanin Mirrlees na Glasgow ya sayi izini, haka Emanuel Nobel a Rasha, da Burmeister & Wain a Denmak. A 1898 aka kafa injin farko na kasuwanci a wata masana'antar ashana a garin Kempten. Kafin ya cika shekara 41 Diesel ya zama miloniya.

Sai dai injin da ke aiki a ɗakin gwaji, a hannun mutanen da suka san kowane ƙusa nasa, daban yake da injin da aka kai wa mai masana'anta aka bar shi da shi. Injunan farko suka riƙa tsayawa. Famfon iska ya lalace, mafesa ta toshe, kuma babu makanikan da suka san kansa a garuruwan da aka kai shi. Masu saye suka fara mayar da kaya. Wani kamfani da aka kafa a Augsburg da sunan Diesel don ƙera injin ya durƙushe.

Diesel kansa jiki ya gaza. Ciwon kai mai tsanani da ya daɗe yana damunsa ya ƙaru, har aka kwantar da shi a asibiti a Munich a ƙarshen 1898. A shekarar ya sayar da haƙƙoƙinsa ga wani sabon kamfani, ya ja baya daga aikin yau da kullum.

Waɗanda suka ceto injin su ne injiniyoyi da makanikan Augsburg, su Lauster, da suka zauna shekaru suna bin matsalolin ɗaya bayan ɗaya har ya zama abin dogaro. Masana'antar ta haɗe da wata ta Nuremberg a 1898, kuma a 1908 ta ɗauki sunan MAN. Ita ce dai MAN ɗin da ake gani a goshin manyan motoci a hanyar Gumel zuwa Kano.

Injin da ya sha man gyaɗa

A babban baje kolin duniya na Paris a 1900, injin Diesel ya ci babbar lambar yabo. A wurin aka nuna wani ƙaramin inji yana aiki da man gyaɗa zalla, kuma yawancin 'yan kallo ba su ma lura da bambanci ba.

Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin. Tana da ƙasashen da ta mallaka a Afirka inda gyaɗa ke yi sosai, ga kuma tsadar kai kwal da man fetur can. Tunanin shi ne waɗannan ƙasashe su riƙa noma man injinansu. Diesel ya riƙe wannan magana, ya yi ta maimaita ta a laccocinsa na 1912, yana ganin wata rana man tsirrai zai yi muhimmanci.

A daidai wannan lokaci ne jirgin ƙasa ya iso Kano, a 1911, kuma daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe a ƙasar Hausa. Layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa Gagarawa, ya kammala a 1930, ya riƙa kwasar gyaɗar wannan yanki. Amma ba ta zama man inji ba. Ɗanyen man ƙasa ya fi araha, gyaɗar kuma ta tafi Turai aka yi man girki da sabulu da ita.

Daren 29 ga Satumba

Diesel gwani ne a lissafin inji, amma ba a lissafin kuɗi ba. Ya gina katafaren gida a Munich, ya zuba dukiya a cinikin filaye da haƙar mai, aka yi ta asara. Ga shari'o'i da masu cewa ba shi ya fara ba. A Ingila ana nuna Herbert Akroyd Stuart, wanda ya riga shi ƙera injin da ke shan mai mai nauyi, kodayake nasa sai an gasa masa wani ƙoƙon ƙarfe da wuta kafin ya tashi. A Jamus kuma masu suka na cewa injin da ya yi aiki a 1897 ba shi ne wanda ya rubuta a takardar 1893 ba. Don ya kare kansa ya wallafa tarihin injin a 1913.

A waje kuwa sunansa sai ƙara tashi yake. A 1912 jirgin ruwan Selandia, wanda aka ƙera a Denmak, ya kama hanyar Bangkok da injin dizal, ba hayaƙin kwal, ba 'yan zuba wuta. Sojojin ruwan Turai suna rububin injin don jiragensu na ƙarƙashin teku.

Ranar 29 ga Satumba, 1913 Diesel ya shiga jirgin ruwan Dresden a Antwerp ta Beljiyam zuwa Harwich ta Ingila, zai halarci taron wani kamfani a Landan. Ya ci abincin dare da abokan tafiyarsa, wajen ƙarfe 10 ya shiga ɗaki, ya bar saƙo a tashe shi ƙarfe 6:15 na safe. Da gari ya waye ba a same shi ba. Gadonsa ba a kwanta a kai ba, an kuma tsinci hularsa da kwat ɗinsa a ninke a bakin jirgin.

Bayan kwana goma wani ƙaramin jirgin Holan ya ga gawa tana yawo a teku. Ma'aikatan suka cire abin da ke aljihunta, suka mayar da ita ruwa. Ɗansa Eugen ya shaida kayan: jakar kuɗi, wuƙar aljihu, gidan tabarau da ɗan gwangwanin magani.

Da aka buɗe takardunsa sai aka tarar dukiyar ta ƙare, bashi ya yi masa katutu. Yawancin masu tarihinsa sun tafi a kan cewa shi ya jefa kansa. Wasu jaridun lokacin sun yi zargin kashe shi aka yi, ganin ana dab da Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma yana hulɗa da Ingila, amma ba a taɓa kawo hujjar hakan ba.

Yadda injin ya hau titi

Abin da ya hana injin shiga mota a zamaninsa shi ne famfon iskar nan mai nauyi da ke hura mai. Yana cin wuri, yana cin ƙarfi. Sai bayan shekara goma da mutuwarsa, a 1923 da 1924, kamfanonin Benz da Daimler da MAN suka fito da manyan motocin dizal na farko. A 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon injekta da yawa, wanda ke auna mai daidai ya tura wa kowace silinda a kan lokaci. Daga nan hanya ta buɗe.

A Najeriya, a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 har harhaɗa irin waɗannan motoci aka riƙa yi: Fiat a Kano, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, Mercedes a Enugu. Makanikai da yawa na wancan zamani a kan waɗannan motoci suka koyi aiki, suka koyar da yaransu.

Abu uku da makanike ke bi

Tun da injin dizal ba shi da filogi, ciwonsa ba ya wuce wuri uku: iska, matsi da mai. Gogaggen makanike, a babban garejin dillalan motoci yake ko a gindin bishiya, waɗannan yake bi, kuma sau da yawa hayaƙin salansa ne ke fara ba shi labari.

Baƙin hayaƙi na nufin mai ya fi iska yawa. A yanki irin na Maigatari da Sule Tankarkar, inda rairayi da ƙurar hunturu ke cika hanya, filtar iska ce abar fara dubawa, sannan turbo, sannan nozul da ke ɗiga maimakon fesawa.

Farin hayaƙi, musamman da sanyin safiya, yakan nuna man bai ƙone ba, ko don matsi ya yi rauni ko don lokacin fesawa ya goce. Idan kuma ruwan lagireto na raguwa, ana zargin gasket. Shuɗin hayaƙi alama ce injin na cin baƙin mai, galibi saboda zobban fistin sun cinye. Zurarar iskar nan ce dai da ta wahalar da Diesel a 1893.

Motar da ta ƙi tashi bayan tanki ya ƙafe, yawanci iska ce ta shiga bututun mai, sai an fitar da ita. Man da aka gauraya da ruwa ko datti kuwa shi ne babban makashin famfo da nozul.

Motocin yanzu sun ƙara tsanani a nan. Ana amfani da tsarin da kwamfuta ke sarrafa fesa mai, a matsin da kan kai ba 2,000, wato ninki ɗaruruwa na iskar da ke cikin tayar tirela. Ƙwayar rairayi ɗaya na iya lalata injekta mai tsada. Makaniken babban gareji yakan jona na'ura ta karanto masa lambar matsala, amma lambar wurin dubawa kawai take nunawa. Wanda ya ɗauke ta a matsayin hukunci ya kama sauya kaya ɗaya bayan ɗaya, kuɗin mai mota ne ke ƙonewa. Har yanzu sai an auna matsi, an gwada nozul, an canza abu ɗaya an sake aunawa.

Burin da bai gani ba

Diesel ɗan baduku ne, kuma bai manta ba. Injin tururi sai mai babban jari ke iya kafa shi, shi ya sa manyan masana'antu suka riƙa kashe masu sana'ar hannu. Burinsa shi ne ƙaramin inji mai arahar mai wanda maƙeri ko masassaƙi zai saya ya tsaya da ƙafarsa. A 1903 har littafi ya rubuta mai suna Solidarismus, yana kira ga ma'aikata su haɗa ƙananan kuɗi su mallaki masana'antunsu. Kwafi kaɗan aka saya.

A rayuwarsa injin ya tafi inda bai nufa ba: manyan masana'antu, tashoshin lantarki da jiragen yaƙi. Ƙaramin injin da ya yi mafarki ya zo ne daga baya, mai silinda ɗaya, ana ƙera shi da yawa a Indiya da Sin. Shi ne ke juya injin niƙa a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, ya sheƙe gero, ya ɗago ruwa, ya ba mai walda wuta, kuma makaniken ƙauye na iya kwance shi ya ɗaura a yini ɗaya.